Ka haɗa kwamfutarka ta farko, Wi-Fi ya ƙi fitowa: yadda za ka bi matsalar daki-daki

Kwamfuta ta tashi, fanka na juyawa, Windows ta hau lafiya lau, amma ka leƙa kusurwar ƙasa ta dama babu alamar Wi-Fi, sai 'yar ƙwallon duniya mai nuna babu intanet. A nan ne yawancin masu haɗin farko suke yanke hukunci cewa an sayar musu da mataccen katin Wi-Fi. Galibi kuwa katin lafiyarsa ƙalau. Ko dai bai zauna daidai a gurbinsa ba, ko babu direbansa, wato manhajar da Windows ke sarrafa shi da ita, ko eriyar tana nan cikin leda ba a ɗaura ba.

Tambaya ɗaya ce take raba aikin gida biyu: kwamfutar ta san da katin a cikinta, ko ba ta sani ba? In ba ta sani ba, aikin na sukudireba ne, duk direban da za ka sauke ɓarnar data ce. In ta sani, kada ka buɗe akwatin tukuna. Sannan ka riƙe wata ƙa'ida tun daga farko: abu ɗaya ake canzawa a gwada, kafin a taɓa na biyu.

Fara da sanin irin katin da ke hannunka

Iri uku ne aka fi samu. Akwai katin PCIe, mai ƙarfe a baya da bakunan eriya biyu, wanda ake sokawa a gajeren gurbi ƙasa da katin hoto. Akwai ɗan ƙaramin kati na M.2, faɗinsa milimita 22, tsawonsa 30, shi ya sa ake rubuta 2230 a jikinsa. Sai wanda ya zo haɗe da madabod, babban allon kwamfutar, wanda shi ma ɗan M.2 ɗin ne aka ɓoye a ƙarƙashin murfin baya. Yawancin katunan PCIe ma in ka cire ƙarfen sanyaya su, ɗan M.2 za ka tarar a zaune a kan allo.

Sunan da ke jikin kwali bai kai sunan ƙwaƙwalwar da ke ciki muhimmanci ba. TP-Link Archer TX3000E, alal misali, Intel AX200 ce a cikinsa, kuma direban Intel yake ci.

Ga wani tarko da ke kama mutane da yawa. Intel na da AX200 da AX210, tana kuma da AX201 da AX211. Lambobin sun yi kama, aikinsu ba ɗaya ba ne. AX200 da AX210 cikakkun katuna ne, suna aiki a madabod ɗin Intel da na AMD. AX201 da AX211 kuwa tsarin CNVi suke bi, wato rabin aikinsu yana cikin ƙwaƙwalwar Intel da ke kan madabod. Ka sa su a madabod ɗin AMD, ko a kan allon da ke mai da M.2 zuwa PCIe, ba za su taɓa bayyana ba, ko da sababbi ne fil. Wanda aka ciro daga laftof tokumbo sau da yawa irin wannan ne. Karanta lambar da ke kan farar takardar katin tun kafin ka ɓata wuni.

Mataki na farko: tambayi Device Manager

Danna maɓallin Windows tare da X, ka zaɓi Device Manager. Buɗe Network adapters. Ɗaya daga cikin abu uku za ka gani.

In ka ga sunan katin, kamar Intel Wi-Fi 6 AX200 ko MediaTek ko Realtek mai ɗauke da kalmar Wireless, kuma babu wata alama a kansa, katin ya zauna, direba ya hau. Tsallake zuwa maganar eriya.

In ba ka ga sunansa ba, amma a ƙarƙashin Other devices akwai wani abu mai suna Network Controller da alamar ruwan ɗorawa, ka gode wa Allah. Kwamfutar ta ga katin, direba kawai take nema.

In babu shi a nan babu shi a can, shiga View ka latsa Show hidden devices, sannan Action ka latsa Scan for hardware changes. In har yanzu shiru, to sai an buɗe akwati.

Kada Bluetooth ya ruɗe ka a wannan wurin. A kati ɗaya suke zaune, amma hanyarsu daban: Wi-Fi ta PCIe yake bi, Bluetooth ta USB. Ganin ɗaya ba shaida ba ce cewa ɗayan yana lafiya.

In kwamfutar ba ta ga katin ba sam

Kashe kwamfutar, kashe makunnin da ke bayan akwatin wuta, zare kebul daga soket ko daga UPS. Danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa 30 don ragowar wutar da ke ciki ta zube. Madabod yana riƙe da 'yar wuta ko a kashe yake, kuma zare kati a wannan hali yana iya ƙona shi. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka kai hannu ciki, musamman da hunturu, lokacin da iska ta bushe har mutum ya taɓa ƙofar mota ya ji ta ja shi. Wannan ɗan tartsatsin ya isa ya lalata ƙwaƙwalwar kati.

Yanzu haska fitilar waya ka dubi inda katin ya shiga gurbi. Haƙoran nan masu ruwan zinare su nutse gaba ɗaya, daga gaba har baya, a layi ɗaya. Abin da ya fi faruwa shi ne: ka danna katin ya zauna, da ka zo ɗaure noti a ƙarfen baya, sai ƙarfen ya janyo shi, ƙarshen ciki ya ɗaga da kamar kaurin farce. Daga sama ba za ka lura ba, sai ka kwantar da kai ka duba ta gefe. In haka ne, kwance notin, sake danna katin da babban yatsa a gefe biyu, ka tabbata harshen ƙarfen na ƙasa ya shiga tsakanin madabod da bangon akwati, bai hau kan madabod ba. Wani lokaci sai ka ɗan lanƙwasa ƙarfen kaɗan kafin ramin noti ya daidaita. Hakan ba laifi ba ne.

In ya zauna daram kuma har yanzu babu shi, canza masa gurbi. Katin x1, wato mai gajeren baki, yana shiga gurbin x4 ko dogon x16 ya yi aiki, duk da zai bar yawancin gurbin a fili. Mutane na tsoron wannan ba gaira ba dalili. Sau da yawa ma shi ne mafita, domin katunan hoto na yanzu masu kauri suna rufe gajeren gurbin da ke ƙarƙashinsu, ko su matse katin Wi-Fi har ya toshe musu fanka.

Sai ka ɗauko littafin madabod, wanda na san yana cikin kwali ba a buɗe ba. Nemi shafin da ya lissafa guraben PCIe da M.2, ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa. Wasu madabod suna raba layuka tsakanin gurabe, ta yadda in ka sa SSD a M.2 na biyu, wani gurbin PCIe yakan mutu. Ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera shi. Maganinsa ka matsar da ɗaya daga cikinsu.

Mai katin M.2, ka duba gurbin da ka sa shi. Na SSD ana ce masa Key M, na Wi-Fi kuma Key E, galibi an rubuta M.2 WIFI ko CNVi a gefensa. Tsagar da ke bakin katin ba wuri ɗaya take ba, don haka in ka ga sai da ƙarfi zai shiga, ba gurbinsa ba ne. A karkace ake soka shi, sannan a kwantar a ɗaure da ɗan notinsa.

Daga nan shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, yawanci da maɓallin Delete ko F2 yayin da kwamfuta ke tashi. A sashen Onboard Devices ko Peripherals, tabbatar Wi-Fi ko WLAN yana kan Enabled. In ka yi ta taɓe-taɓe a BIOS tun farko ba ka tuna me ka canza ba, mai da komai yadda ya zo daga kamfani ta Load Optimized Defaults.

Direba, alhali babu intanet

Kana buƙatar intanet don sauke direba, kana buƙatar direba don samun intanet. Hanya mafi sauƙi tana aljihunka. Haɗa wayar Android da kebul, ka shiga saitin Hotspot and tethering, ka kunna USB tethering. Windows za ta ɗauke ta a matsayin intanet na kebul ba tare da neman komai ba. In maɓallin ya ƙi kunnuwa, kebul ɗin na caji ne kawai, nemi wani. iPhone tana buƙatar direban Apple tukuna, don haka ba ta da amfani a sabuwar kwamfuta fayau.

Sai dai ka yi hattara da datarka. Sabuwar Windows da ta ga intanet za ta fara jan sabuntawa masu nauyi, kafin ka ankara an turo maka saƙon cewa data ta ƙare. Za ka iya sa haɗin a kan Metered connection, amma fa a wannan yanayi Windows kan dakatar da sauke direbobi da kanta. Ni na fi ganin ka sauke direban a waya ko a wata kwamfutar, ka kwafo shi ta kebul ko filash. Ƙaramin fayil ne, kuma zai zauna a hannunka don gaba.

Wane direba? In ba ka tabbata da abin da ke cikin katin ba, Windows za ta faɗa maka ko babu direba. Latsa dama a kan Network Controller, shiga Properties, sannan Details, ka zaɓi Hardware Ids. Za ka ga layi kamar PCI\VEN_8086&DEV_2723. Lambar da ke bayan VEN ita ce kamfanin: 8086 Intel, 10EC Realtek, 14C3 MediaTek, 14E4 Broadcom, 168C Qualcomm Atheros. Wadda ke bayan DEV ita ce katin kansa: 2723 AX200 ne, 2725 kuma AX210. Wannan layin ba ya ƙarya. In kwali ya ce AX210 amma layin ya nuna 10EC, ka san abin da za ka faɗa wa mai shago.

Na Intel ka ɗauko a shafin Intel kai tsaye. Na MediaTek da Realtek ka je shafin kamfanin madabod ko na katin, ka rubuta cikakken samfurin. Duba har lambar bugu da ke rubuce a kusurwar madabod, irin su Rev 1.0 ko 1.1, domin kamfani kamar Gigabyte yakan sa katin Wi-Fi daban a bugu daban na madabod mai suna ɗaya. Fara ɗora direban chipset, wato na ƙwaƙwalwar madabod, ka sake kunna kwamfuta, sannan na Wi-Fi. In fayil ɗin zip ne babu Setup a ciki, warware shi, ka koma Device Manager, ka zaɓi Update driver, sai Browse my computer, ka nuna masa jakar.

Manhajojin nan da ke alƙawarin ɗora maka dukkan direbobi da dannawa ɗaya, ka bar su. Sukan sa wanda bai dace ba, su kuma shigo da tarkacen da ba ka gayyata ba.

Abu biyu a gefe. Katunan AX ba su da direban Windows 7, kada ka wahalar da kanka. Kuma in tun wajen ɗora Windows 11 ka maƙale a shafin da ke cewa sai ka haɗa da intanet, sababbin bugu suna da maɓallin Install driver a wannan shafin. Sa warwararren direban a filash ka nuna masa, ko ka jona waya kamar yadda aka faɗa a sama.

Direba ya hau, amma alamar ɗorawa tana nan

Buɗe Properties ka karanta lambar kuskuren. Code 28 na nufin direba bai hau ba, sake ɗorawa. Code 22 na nufin an kashe katin ne, latsa Enable. Code 10 da Code 43 su ne masu ɗan taurin kai: Windows ta ga katin, ta yi ƙoƙarin tayar da shi, ya ƙi.

Ga waɗannan biyun, fara da abin da ba ya cin ko sisi. Kashe kwamfutar, zare wuta, danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 30, ka bar ta ta huta minti ɗaya ko biyu. Katunan Wi-Fi kan maƙale a wani hali da sake kunnawa kawai ba ya warwarewa, domin wuta ba ta yanke musu gaba ɗaya. An fi ganin haka bayan an ɗauke wuta bagatatan, ko wajen sauyawa zuwa janareta. In ya dawo, shiga Control Panel, Power Options, Choose what the power buttons do, ka cire alamar da ke kan Turn on fast startup. Da wannan saitin a kunne, Shut down ba cikakken kashewa ba ne, Windows tana adana halin da direbobi suke ciki ta dawo da shi, har da matsalar.

In bai dawo ba, latsa Uninstall device, ka sa alama a akwatin da ke cewa a goge direban, ka sake kunnawa, ka ɗora sabo. Sabunta BIOS shi ne na ƙarshe a layi, kuma kada ka fara shi sai kana kan UPS ko inbata mai caji. Wuta ta ɗauke a tsakiyarsa, matsalar Wi-Fi za ta zama ƙarama.

Akwai kuma inda Device Manager ya nuna komai lafiya amma maɓallin Wi-Fi babu shi. Danna Windows da R, rubuta services.msc, nemi WLAN AutoConfig, ka tabbata yana Running kuma yana kan Automatic. Windows ɗin da aka rage wa nauyi, irin wadda ake yawo da ita a filash, wani lokaci an cire mata wannan ɓangaren. In haka ne, ɗora ta asali daga shafin Microsoft ya fi sauri a kan faci.

Eriya

Ba ado ba ce. Akwatin kwamfuta ƙarfe ne, kuma katin da ke cikinsa ba ya jin komai sai ta eriya. Ba tare da ita ba, ko dai ka ga jerin netwok fanko, ko ka ga sanda ɗaya tak alhali rauta na kan teburi ɗaya da kai. Ɗaura dukansu biyu, ka murɗa da hannu har su tsaya, ban da filaya. Leƙa cikin bakin eriyar da na katin, kada ka dogara da zato, duba ɓangarorin biyu. Dole ɗaya ya kasance da allura a tsakiya, ɗayan da rami. In ka sayi eriya daban ka tarar duka biyun rami ne, za ta ɗauru tsaf amma babu abin da ya taɓa wani.

Mai katin M.2 yana da ƙarin aiki: siraran wayoyi biyu masu ɗan kai kamar maɓallin riga, da ake dannawa a kan katin. Daidaita kan a saman da'irar, ka danna shi a miƙe da farce har ka ji ƙas. In ya zauna, zai iya juyawa a wurinsa ba tare da ya fita ba. In ka danna a karkace, bakin zai lotse, kuma gyaransa wuya. Ya fi sauƙi ka maƙala su tun katin yana kan teburi. Na M.2 ana kiransu MHF4, sun fi na tsofaffin laftof ƙanƙanta, ba sa shiga na juna.

Inda kwamfutar take ma yana da tasiri. In ka tura bayanta jikin bango a ƙarƙashin teburi, eriya na tsakanin ƙarfe da bulo. Eriya mai dogon kebul da gindin maganaɗisu, wadda za ka ɗora a saman akwati ko teburi, tana kawo bambanci sosai. Filash ko hard disk mai USB 3.0 da aka soka dab da eriya yana damun zangon 2.4 GHz, matsar da shi gaba.

Don ka ga lamba maimakon sanduna, buɗe Command Prompt ka rubuta netsh wlan show interfaces. Zai nuna Signal da Receive rate. Gyara eriya, sake rubutawa, ka kwatanta.

Yana ganin na maƙwabta, ba ya ganin naka

Katin yana aiki ke nan. Kunna hosfot a wayarka ka gwada haɗawa. In ya kama, matsalar tana wajen rauta ko MiFi ɗinka. Zangon 5 GHz ya fi sauri amma ba ya ratsa bango kamar 2.4 GHz, don haka daga ɗaki na uku ba lallai ka gan shi ba. Zangon 6 GHz kuwa sai kati irin AX210, da rauta mai Wi-Fi 6E, da Windows 11. Tsofaffin katunan Intel irin su 7265 da 8265 da tsohon direba ba sa ganin rautar Wi-Fi 6 sai an sabunta direban. In yana gani amma ya ƙi haɗuwa, shiga saitin rauta ka mai da tsaro daga WPA3 zuwa WPA2, ka sa tashar 2.4 GHz a kan 1, 6 ko 11. A kwamfuta kuma ka latsa Forget ka sake rubuta kalmar sirri a hankali.

In ya haɗu amma babu intanet, rubuta ipconfig. Adireshin da ya fara da 169.254 yana nufin rauta ba ta ba kwamfutar adireshi ba, kashe rautar ka kunna. In adireshin 192.168 ne, duba ko akwai data a layin kafin ka zargi kati. Duba agogon kwamfutar ma: sabon madabod yakan zo da kwanan wata na daban, kuma shafuka za su yi ta ƙin buɗewa da gargaɗin tsaro har sai ka gyara shi. Saurin da aka rubuta a kwali, kamar 2400 Mbps na AX200, tsakanin kati da rauta ne kawai. Abin da MiFi ke samu daga turken sabis shi ne iyakarka. Gwada waya a daidai wurin, in saurinsu ɗaya, katin ba shi da laifi.

Wi-Fi na aiki, Bluetooth babu

Kusan ko yaushe ɗan kebul ɗin da ya zo a kwalin katin PCIe ne ba a jona ba. Ƙaramin kansa yana shiga jikin katin, babban kan mai ramuka 9 yana shiga fil ɗin USB 2.0 a gefen ƙasa na madabod, inda aka rubuta F_USB ko JUSB ko USB da lamba. Na sauti ma fil 9 ne kuma a layi ɗaya suke, amma gurbin da babu fil ba wuri ɗaya yake ba. Karanta rubutun, kada ka tilasta. Bluetooth yana da direbansa daban, kuma da eriyar Wi-Fi yake aiki.

Yana kamawa yana saki

A Properties na katin, shiga Power Management ka cire alamar da ke ba Windows damar kashe shi don tanadin wuta. A Power Options, cikin saitunan ci-gaba, nemi PCI Express ka sa Link State Power Management a kan Off. Kwamfutar teburi ba ta da batirin da za a tausaya wa. In yankewar tana zuwa ne lokacin da katin hoto ya ɗau zafi, matsar da katin Wi-Fi gurbin da ya fi nisa da shi.

Masu Linux: lspci -nnk zai nuna ko an ga katin da direban da ke riƙe da shi, rfkill list zai nuna ko an toshe shi. AX200 na buƙatar kernel 5.1 ko sama, AX210 kuma 5.10. In kana da Windows a gefe, kashe fast startup ɗinta, domin takan bar katin a maƙale.

Kafin ka mayar wa mai shago

Gwaji ɗaya ya rage: sa katin a wata kwamfutar, ko ka ari wani katin ka sa a taka. In naka ya ƙi bayyana a kwamfutoci biyu, kuma ba AX201 ko AX211 ba ne, ya mutu. In katin aro ma ya ƙi bayyana a duk gurabenka, madabod ne abin tuhuma, kuma shi za ka bi ta garantinsa. Tafi da hoton Device Manager, da na layin Hardware Ids in ya fito, da rasit, da eriya da kebul ɗin Bluetooth duk a cikin kwalinsu, ka nemi a gwada wanda za a canza maka a gabanka kafin ka baro shagon.